Madubin Da Ake Mannawa A Ido: Magani Ne, Ado Ne, Ko Ha'inci?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi mana baiwar ji da gani, Ya kuma sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tambayoyi biyu ne suka iso mana a nan Tsibiri cikin wata guda, kuma dukansu a kan abu ɗaya suke, wato ɗan madubin nan marar kauri da ake ɗora wa a kan baƙin ido, wanda ƴan boko ke kira lantiy, ƴan matan da ke bin yayin Kano kuma suke ce masa lens. Da yake masu tambayar ba su kaɗai ne abin ya shafa ba, muka ga ya kamata amsar ta fito a wannan shafi.

Na farko wani dattijo ne da ya tsare mu bayan sallar Lisha, ya ce: "Allah gafarta Malam, ɗiyar ƙanena muka aurar. Ranar kamu aka fito da ita, na dube ta na kasa gane ta, idanunta sun koma ruwan toka kamar na kyanwa." Ashe mai kwalliya ce aka ɗauko daga Maradi, ta manna mata abin da hannunta, ta tafi ba ta nuna mata yadda ake cirewa ba. Yarinya ta kwana uku da shi, cikin hayaƙin turaren wuta da kukan rabuwa da gida, har ido ɗaya ya kaɗa ya yi ja, ta kasa duban haske. Da aka kai ta asibiti likita ya ce gyambo ne ya fito a kan baƙin idon. Allah Ya sa an ceto idon, sai dai ya warke da farin tabo, kuma ganinsa ya ragu. Daga baya aka gane cewa madubin nan an riga an sa wa amare da dama kafin ita. Dattijon yana son ya san alhakin a kan wa yake, kuma ko sallolin da ta yi da abin a idonta sun yi.

Ta biyu wata gwaggo ce ta aiko ta bakin iyalinmu. Ɗiyarta ta yi ƙyanda tana ƙarama, ciwon ya bar mata hakiya a idon hagu, idon ba ya gani, kuma ta girma cikin tsokanar yara. Wani likitan ido a Kano ya haɗa ta da madubi mai fenti wanda ke rufe hakiyar, har mai kallo ba ya bambance idon da ɗan'uwansa. Yanzu ga manemi ya fito daga Jiratawa, bai taɓa ganinta ba tare da shi ba. Uwar na tambaya ko sanya shi halal ne, kuma ko dole ne a gaya wa manemin.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa, don haka muka zauna da ma'abota sanin ido kafin mu buɗe baki.

A gaban ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da kaɗan ba. Ta cikinta haske ke shiga. Abin mamaki cikin halittarta shi ne ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, domin da tana da ita da ta dishe. Iskar da take rayuwa da ita daga sarari take samunta, ta hanyar hawayen da ke jiƙa ta. To, a kan wannan fata ne madubin ke zama, yana iyo bisa hawaye. Duk abin da za mu faɗa nan gaba na haɗari daga nan ya samo asali: an ɗora murfi a kan abin da ke numfashi.

Sanin yadda haske ke shiga ido tsohon ilimi ne a wurin Musulmi, tun Ibnul Haisam mai Kitabul Manazir, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040. Tabarau ya bayyana a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13. Shi kuwa na mannawa, a 1888 ne wani likita mai suna Adolf Fick ya gwada shi a birnin Zurik, na gilashi ne zalla, mai nauyi, ba a iya jure shi sai ƴan sa'o'i. A 1948 aka samu ƙaramin na roba mai tauri a Amurka. A 1961 wani masani ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, ya ƙera mai laushi wanda ke shan ruwa, kuma shi ne ya shiga kasuwar Amurka a 1971, daga can ya watsu a duniya. Yau iri biyu ne manya. Akwai mai tauri, ƙarami, wanda iska ke ratsawa, yana daɗewa, kuma shi likitoci ke zaɓa wa wanda fatar idonsa ta yi tsini ko ta karkace har tabarau ya kasa gyara masa gani. Akwai mai laushi, faɗinsa wajen milimita 14, shi ne ya fi yawa. A cikinsa akwai na yini ɗaya da ake jefarwa da dare, da na mako biyu, da na wata. Wani don ganin nesa aka yi shi, wani don na kusa, wani ya haɗa biyun. Akwai wanda likita ke sa wa ido mai rauni a matsayin bandeji, akwai na jaririn da aka cire wa yana. Sai kuma mai launi, kuma shi ma kashi biyu ne: wanda aka yi domin rufe tabo, irin na ɗiyar gwaggon nan, da wanda ba ya gyara komai sai canza kamanni, irin na amaryar.

Ke nan suna ɗaya ne ya tara abubuwa mabambanta, kuma wanda ya ce duka haram ko duka halal ya yi gaggawa.

Wasu ɗalibai, Allah Ya ƙara musu himma, da jin zancen sai suka jawo ayar Suratun Nisa'i ta 119, inda Allah Ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sanya mutane su canza halittar Allah, suka haɗa da hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu a cikin Buhari da Muslim, mai la'antar masu tsaga fata su cusa shuni, da masu tsige gira, da masu goge haƙora don neman wushirya. Hujjoji ne ingantattu, ba mai musu. Amma a lura da ƙaidin da ke cikin hadisin kansa: an ɗaure la'anar ne ga masu yin haka domin neman kyau. Gefe guda kuma ga ƙissar Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Daga haɗa waɗannan nassoshi ne malamai suka fitar da bambanci tsakanin mayar da abin da ya lalace zuwa ga asalinsa, wanda shi magani ne, da kuma raina lafiyayyar halitta a nemi wata.

A kan wannan ma'auni, madubin gyaran gani ba shi da bambanci da tabarau, kuma ba mu san wani malami abin dogaro da ya hana tabarau ba. Mu kanmu tun da muka haye arba'in ba mu iya bin layin Mus'hafi da asuba sai da shi. Haka nan mai fentin da ke rufe hakiya ɗan'uwan hancin Arfajatu ne. Ƙasar nan ta Gobir da Katsinar Maradi ta san ciwon ido sani na haƙiƙa: amodari ya makantar da iyayenmu mata da yawa kafin a soma rabon magani gari-gari da aikin gyaran fatar ido, ƙyanda kuma ta bar tabonta a fuskokin da muke gaisawa da su kullum. Tun kakanninmu ake ɗaukar majinyaci a ƙetare iyaka zuwa asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano a 1943. Wanda bai taɓa jin yara na kiransa da sunan aibinsa a bakin rijiya ba, kada ya yi saurin hana wa wani suturar da Allah Ya kawo.

Wurin da magana ta yi tsauri shi ne mai launi na ado zalla. Gaskiya ita ce bai cika kama da zanen fata ba, domin ba ya dawwama, ana cire shi da yatsa, ido ya koma yadda yake. Ta wannan fuska ya fi kusa da lalle da kwalli, waɗanda shari'a ta halatta, har ma ta kwaɗaitar da tozalin ismid. Shi ya sa malaman zamani suka saɓa. Akwai waɗanda suka sauƙaƙa, kamar Shaihu Ibnu Usaimin, bisa sharaɗin likitoci su tabbatar ba ya cutarwa, kuma kada ya mai da idon mutum kamar na dabba. Akwai waɗanda suka ga barinsa ya fi, saboda ɓarnar dukiya da yaudarar da ke cikinsa. Mu abin da ya fi kwanta mana shi ne ba za mu kira shi canza halitta irin wanda aka la'anta ba, domin la'ana ba abar wasa ba ce, ba a faɗaɗa ta da zato. Amma kwalli ƙara wa baƙin ido baƙi yake yi, yana fito da abin da mace ke da shi. Wannan kuwa ɗauke nata yake yi ya ɗora mata na wata. Ya kamata uwa ta tambayi kanta: wa ya gaya wa ɗiyata cewa idon da ta gada daga gare ni bai isa a kai shi ɗakin miji ba? Amsar tana cikin wayar da ke hannun yarinyar, inda take yini tana kallon fuskokin da na'ura ta riga ta wanke. Hanyar da man bilicin ya biyo ya shigo gidajenmu, ita wannan ya biyo.

A nan sai mu yi wa kanmu adalci, mu Gobirawa. Da yawa daga cikin masu ɗaga murya a kan idon amare suna ɗauke da zanen aska daga kunne zuwa baki, wanda wanzami ya yi musu suna jarirai, kuma shi ne canjin da ba ya gogewa. Ba laifinsu ba ne, ba a shawarce su ba, kuma alhamdu lillahi al'adar tana ja da baya. Mun kawo wannan ne don a sassauta harshe: kowane zamani da irin abin da yake yi wa fuska da sunan kyau ko asali, kuma nasiha ta fi shiga idan mai yinta ya tuna da nasa kuncin.

Sai batun ha'inci, wanda a ganinmu shi ne zuciyar mas'alar. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai auri wata mace daga Ansar, sai ya umarce shi ya je ya dube ta, ya kuma ba shi dalili da cewa akwai wani abu a idanun mutanen Ansar. Ku duba, ido ne kansa aka ambata. Shari'a ta buɗe wa manemi ƙofar kallo ne domin ya ga gaskiya. Idan aka shirya masa abin da zai gani, an rufe ƙofar ke nan alhali ana nuna kamar a buɗe take. Ga kuma matar da ta zo tana neman izinin yi wa ɗiyarta amarya ƙarin gashi, saboda ciwo ya zubar mata da nata, aka hana ta. Wannan hadisi ya tsaya mana a rai ƙwarai da muka zo kan tambayar gwaggo, domin kamannin ya yi yawa: ga uwa mai tausayi, ga ɗiya da ciwo ya taɓa, ga aure a gaba. Malamai da yawa sun bayyana cewa illar hanin ita ce rufa-rufar da ke cikinsa. Saboda haka muka raba amsar gida biyu. Ta sa madubinta ta shiga kasuwa da makaranta da gidan biki, babu wanda yake da haƙƙin sanin abin da ke ƙarƙashinsa. Amma mutumin da zai zauna da ita, wanda zai gan ta da dare bayan ta cire, shi yana da haƙƙi.

Wani zai ce ai a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, aibobin da ake mayar da mace saboda su ƙididdigaggu ne: hauka, da kuturta, da albaras, da ciwon al'aura, kuma rashin ido ɗaya ba ya cikinsu sai idan miji ya sharɗanta lafiya. Haka ne, kuma shi ya sa ba mu ce auren zai ɓaci ba. Sai dai abin da alƙali ba zai warware ba daban, abin da zuciyar miji za ta riƙe daban. Mun sha zaman sulhu a zaure, mun ga aure ya jure talauci da ciwo, amma kalmar "an rufe ni" idan ta shiga gida da wuya ta fita. Wannan hukunci kuma bai tsaya kan mata ba. Saurayin da ya ari mota da babbar riga ya je zance, da wanda ya ɓoye ciwon da ya san yana ɗauke da shi, duk awo ɗaya ne.

Mu koma ga amarya. Ko da an ɗauki fatawar masu sauƙaƙawa, sharaɗinsu na farko shi ne rashin cuta, kuma yadda ake sayar da abin nan a wurinmu, a kan tebur tare da jan baki da gashin doki, ko a aiko shi ta waya daga Kano, wannan sharaɗi ba ya cika. Idanu ba girmansu ɗaya ba. Likita ne ke auna lanƙwasar ido ya zaɓi wanda ya dace, in ba haka ba ya matse ko ya riƙa gogar fatar. A Amurka tun 2005 doka ta sanya har na ado cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita.

Wanda lalura ta sa ya yi amfani da shi, to kiyaye ƙa'idodinsa wajibi ne a kansa, domin ido ba mallakarsa ba ne, ajiya ce. Ba a taɓa shi sai an wanke hannu da sabulu an tsane. Ba a wanke shi sai da ruwan maganinsa na farmasi, a murza shi a tafin hannu, a ɗauraye, a zubar da tsohon ruwan da ke cikin ɗan gidansa a zuba sabo, ba a yi ƙari a kan na jiya ba. Gidan kansa ana sauya shi duk wata uku. Ruwan rijiya, da na famfo, da na randa, da na leda, balle yawu, duk haramtattu ne gare shi. A nan akwai abin da ya kamata almajiri ya fahimta: ruwa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa a hukuncin fiƙihu, alwala ta inganta da shi, amma yana ɗauke da wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, likitoci na kiranta akantamiba, wadda idan ta maƙale tsakanin madubi da ido tana cin fatar, kuma maganinta na ɗaukar watanni. Tsarkin ibada daban, tsabtar likita daban. Ba a kwana da shi, domin rufe ido ya riga ya rage iska, ga kuma murfi. Masu bincike a Amurka sun ce kwana da shi na ninka haɗarin ciwo sau 6 zuwa 8, kuma akwai ƙwayar cutar da ke iya huda ido cikin kwana biyu. Na wata ɗaya ba a ja shi zuwa wata uku don tsimi. Ba a aro, ba a haya, ko tsakanin ya da ƙanwa. Mu da muka san yadda apolo ke gama gida ta hanyar tsumma ɗaya ba ma bukatar dogon bayani. Da zarar ido ya yi ja, ko zafi, ko gani ya dishe, a cire a nufi likita a ranar, a bar ɗiga ruwan ganye ko nonon mai jego. Kuma mu faɗi ra'ayinmu a fili: a garin da hunturu ke rufe da ƙura wata da watanni, mata na girki da itace, tabarau ya fi wa mafi yawanmu lafiya da araha.

Game da ibada kuwa, abin da sauƙi. Cikin ido ba ya daga abin da aka wajabta wankewa a alwala ko wankan janaba. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar yakan watsa ruwa cikin idanunsa idan yana wanka, amma Imamu Malik bai ɗauki wannan a matsayin abin da ake aiki da shi ba. Saboda haka madubin ba shamaki ba ne, sallolin amarya sun inganta, kuma mai sanye da shi ya runtse ido sosai yayin wanke fuska, in wanka ne ya cire tukuna. Azumi ma sanya shi ba ya karya shi. Sai dai a mazhabarmu abin da aka ɗiga a ido, idan ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro da rana, akwai ramuwa, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya. Likitoci ma sun tabbatar akwai ƴar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci. Mai azumi ya sa shi kafin alfijir, ya jinkirta ɗigon da ba na dole ba zuwa bayan shan ruwa.

Saura alhaki. Mun ce wa dattijon: "Baba, abin ya rabu." Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba. Sa hannu cikin idon mutum aikin likita ne, ko da da sunan kwalliya aka yi shi. Mai kwalliyar da ta ɗauki madubin da ya shiga idon wasu ta manna wa yarinya, ta karɓi kuɗinta ta tafi ba bayani, kuɗin magani na kanta, kuma ragin ganin da ya samu abu ne da ake ƙiyastawa a biya, sai in an yafe mata. Iyayen da suka biya kuɗin abin da ba su tambayi ko mene ne ba su ma da nasu kason na sakaci. Mun shawarce su a kira ta gaban manyan unguwa a yi sulhu, da sharaɗin ta zubar da sauran da ke cikin jakarta a gaban shaidu, domin lokacin bukukuwa na tafe, kuma ba wannan ce amarya ta ƙarshe a littafinta ba.

Ita kuwa gwaggo, mun ce kada a bar wa yarinya nauyin faɗa da bakinta. Kawunta ya je ya sami waliyyin manemin su biyu, ya gaya masa idon hagu ba ya gani tun ƙuruciya, kuma abin da ake gani a kansa sutura ce ta likita. In yaron yana son ya gan ta ba tare da shi ba, a ba shi dama a gaban muharraminta, kafin a karɓi sadaki. Uwar ta ji tsoron kada ya janye, kuma ba mu iya yi mata alkawarin ba zai janye ba. Kawun ya tafi Jiratawa ranar Asabar da ta wuce. Har zuwa lokacin da muke miƙa wannan rubutu, mutanen yaron sun ce a ba su mako guda su yi shawara.

Allah Shi ne mafi sani.